Ruwan Ya Yi Garau

"Dube shi da kyau," in ji Maijego maƙwabciyarsu, ta ɗaga kwalbar daidai fuskar Auta. "Ki dube shi, ki ce min wannan ruwa ne."

Auta ta tsaya a bakin ƙofar gidansu, jaka a kafaɗa, makulli a hannu. Motar ma'aikata ba ta jiran kowa, ga shi rana ta fara ɗagawa. Abin da ke cikin kwalbar ja ne kamar shayin da ba a zuba wa madara ba, a ƙasansa kuma wani gari-gari ya kwanta. Tun makon jiya haka famfunan unguwar suke zubo shi. Da farko an ɗauka abin na yini ɗaya ne, har ana wasa da shi, ana cewa kamfanin ruwa ya fara raba shayi kyauta. Yanzu ba mai dariya.

"Na gani, Maijego. Namu ma haka yake."

"Na san naku ma haka yake. Abin da nake tambaya, in haɗa wa yaron nan madara da shi ko kar in haɗa? Nonona ba ya isarsa, kin sani. Ke ce a can. Ke za ki faɗa min."

Ita ce a can ɗin kuwa. Auta tana aiki a kamfanin ruwa, a sashen karɓar ƙorafi, inda aikinta bai wuce ɗaga waya da ba da haƙuri ba. Amma a unguwa ba wanda ya damu da wannan bambancin. Tun da aka ga ta fara shiga motar kamfanin aka laƙaba mata Uwar Famfo. In ruwa ya ɗauke ita ake tsarewa a hanya, in ya dawo ita ake yi wa sannu da aiki.

"Tsatsa ce," ta ce. "An yi gyara a babban bututu, shi ne dattin ciki ya taso. Ki bar famfon ya zuba na ɗan lokaci, zai..."

"Wannan na ji shi a waya. Da bakinki ma kika faɗa min, ba ki gane muryata ba." Maijego ta gyara goyon da ke bayanta, ta rage murya. "Jiya da na fito zubar da shara na ga ledojin ruwan sayarwa cike da kwandonku."

Kunya ta kama Auta. "Inna ce. Kin san cikinta ba ya son abu kaɗan."

"Shi wannan ɗin ba shi da ciki?"

Daga cikin ɗaki muryar mahaifiyarta ta fito, tsohuwa mai ciwon ƙafa wadda kunnenta bai taɓa tsufa ba. "Auta! In kin je ki tambayo min su, alwala da wannan abin ta yi kuwa? Jiya na wanke fuska, na duba madubi, na ga kamar an kwaɓa ni da jar ƙasa."

"Zan tambaya, Inna."

Ta juyo ga Maijego. "Yau zan bincika. Wallahi zan bincika. Kafin nan ki shiga ki ɗebi na leda a wurin Inna."

Ta tafi da sauri, tana jin idon matar a bayanta har ta sha kwana.

Ɗakin karɓar ƙorafi ba shi da taga. Teburori ne a jere, an raba su da katako, kowanne da kwamfuta da abin maƙalawa a kunne. A kusurwa akwai na'urar ruwan sanyi da katuwar gora a kife a kanta, ruwan da ake sayowa daga wani kamfani daban. Shekarun baya abin yana ba Auta dariya. Yau da ta wuce ta gabansa sai ta kau da kai.

Kafin a buɗe layi shugabar sashen ta tara su a tsaye. Madam suke ce mata, mace ce mai tsafta da iya magana, ba ta da mugunta, sai dai tana tsoron na sama da ita kamar yadda su suke tsoronta.

"Maganar ba ta canza ba," in ji Madam. "Tsatsa ce daga gyara, a bar famfo ya zuba, ruwanmu yana bisa ƙa'ida. Kar wanda ya ƙara ko kalma ɗaya. Musamman kar in ji wani ya ce a tafasa."

"To in mutum ya tambaya ko ya tafasa fa?" wata ta tambaya daga baya.

"Ki ce wannan ra'ayinsa ne. Ranar da muka ce a tafasa, mun ce ruwan da cuta ke nan, kuma ba wanda ya ce da cuta. Ana naɗar duk abin da kuke faɗa, kun dai sani."

Sun sani. Teburin da ke kusa da na Auta babu kowa a kansa tun shekaranjiya. Mai shi, wani dogon saurayi mai son raha, ya ce wa wata mata a waya shi dai da shi ne da ya tafasa. Matar ta yaɗa, magana ta kai sama, aka ce ya je gida ya huta sai an neme shi. Shi ma'aikacin dindindin ne ma. Ita Auta har yanzu ta wucin gadi ce, ana sabunta mata aiki duk ƙarshen shekara, kuma da wannan aikin ake sayen maganin Inna.

Layi ya buɗe, wayoyi suka ɗauki ƙara gaba ɗaya. Mai wanki da guga ya kira yana ihu, fararen kayan mutane sun koma ruwan ƙasa, wa zai biya. Wata mai gidan abinci ta ce masu ciniki sun gudu. Wata ta ce 'ya'yanta biyu suna gudawa tun jiya, ko ruwan ne? Auta ta ce ta kai su asibiti, ta ce Allah ya ba su lafiya, ta ce ruwanmu yana bisa ƙa'ida. Bakinta ya saba da maganar har tana fita ba tare da ta yi tunaninta ba.

Can wajen hantsi wani dattijo ya kira. Bai yi faɗa ba. Ya gaishe ta a natse, ya tambayi aiki, ya saurari bayaninta har ƙarshe.

"Na ji, 'yata. To ke za ki sha?"

"Baba, ruwanmu yana bisa ƙa'ida."

"Ba ƙa'ida na tambaye ki ba. Cewa na yi ke, da aka haife ki kamar yadda aka haifi nawa, in aka miƙo miki kofi za ki sha?"

Auta ta dubi ɗan jan hasken da ke nuna ana naɗar magana. Ta dubi bayan Madam ta cikin gilashin ofishinta.

"Akwai wani abin da zan taimaka maka da shi, Baba?"

"A'a. Kin taimaka. Allah ya yi miki albarka." Ya kashe.

Albarkar ta fi zagin mai wanki yi mata ciwo.

Da aka tashi hutun rana ba ta bi sauran zuwa wurin cin abinci ba. Ta zagaya bayan ginin, inda ɗakin gwaji yake. Ta san mutum ɗaya a can, mai gwajin ruwa, wanda kowa yake kira Dakta ko da yake ba likita ba ne. Sun sha zama kujera ɗaya a motar ma'aikata kafin ya sayi tasa. Ta same shi a cikin motar tasa a ƙarƙashin bishiya, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje, yana cin burodi ba tare da ya kula da abin da yake ci ba. Idanunsa sun yi ja.

"Dakta, sannu da hutawa."

"Wane hutu? Shigo inuwa. Yaya Inna da ƙafa?"

"Da sauƙi. Dakta, tambaya ce da ni, kuma ba ta ofis ba ce. Ka san a unguwar da ruwan ya ɓaci nake. Maƙwabciyata tana da jariri."

Ya daina tauna. Ya leƙa hagu da dama, sannan ya ajiye burodin a kan kujera.

"Jan da kuke gani tsatsa ce, wannan gaskiya ne. Ba daɗi a ido, yana ɓata kaya, amma ba shi ne yake hana ni barci ba."

"Me ke hana ka?"

"Lokacin da aka rufe ruwa don gyara, bututun ya zama fanko. Akwai inda ya ratsa ta ƙarƙashin babbar kwata, kuma a nan ɗin ya tsufa ƙwarai. Bututun da ba ruwa a cikinsa zuƙa yake yi. In akwai tsaga a wurin, to abin da ke cikin kwatar ya shiga." Ya murza ido. "In akwai tsaga. Ban ce akwai ba."

Auta ta matso kusa. "Ba ku gwada ba?"

"Na ɗebo, na sa a gwaji. Ƙwayar cuta ba a ganinta nan take, sai an ba ta lokaci ta tsiro. Sai jibi zan sani. Na hau sama na ce a gaya wa mutane su tafasa kafin nan, ba abin da za a rasa. Aka ce in kawo sakamako tukuna, kar a tayar da hankalin gari a kan zato. Su ma ba ƙarya suka yi ba, zato ne. Sau da yawa akan gwada a ga ba komai."

"Amma kai ba ka yarda ba."

"Ni ƙanwata tana can bayan makarantar unguwarku. Na kira ta tun ranar farko, na ce ta riƙa tafasawa." Ya ɗauki burodin, ya sake ajiyewa. "Abin da ya fi damuna, yau ake wanke layin. An buɗe manyan bakunan bututu tun safe ana zubar da jan. Kafin yamma za ki ga ruwa fari tas kamar na gora. Yanzu mutane suna ƙyamarsa, ba mai kai shi baki sai dole. In ya yi fari kowa zai sha."

"Wankewar ba za ta fitar da cutar ba?"

"Wataƙila. An ƙara magani ma. In tsagar tana nan kuma, wataƙila a'a." Ya dube ta sosai. "Auta, ni da ke ba mu yi magana ba. Ina da 'ya'ya a makaranta."

"Na sani, Dakta."

Ta koma teburinta. Da la'asar Madam ta fito da fara'a, ta tafa hannu. An samu labari mai daɗi, ruwa ya fara yin fari a wasu layuka, yanzu sai a riƙa cewa an shawo kan matsalar, ana godiya da haƙurin jama'a. Ɗakin ya ɗauki murna. Wayoyi suka ragu. Waɗanda suka kira ma godiya suke yi.

Auta ta tashi ta ƙwanƙwasa ƙofar gilashin.

"Madam, in ce an tabbatar ba komai a ruwan? Ina nufin an gama gwaji?"

Fara'ar Madam ta ragu. "Wa ya ce miki ana wani gwaji?"

"Ba kowa. Na ga dai kamar ya kamata a ce an yi."

"Rufe ƙofar." Madam ta cire tabarau, ta ajiye. Muryarta ba ta faɗa ba ce, ta gajiya ce. "Ƙanwata, ni da ke ba injiniyoyi ba ne. Abin da aka ba mu shi muke faɗa. In akwai wata magana, waɗanda aka ɗauka don ita za su fito su yi. Sunanki yana cikin waɗanda na tura a mayar na dindindin bana. Kar ki ɓata min, kar ki ɓata wa kanki."

"To, Madam. Na gode."

A motar komawa gida ta zauna jikin taga, ta yi ta saƙa da warwara. Za ta gaya wa Maijego ita kaɗai, a ɗaki, ta roƙe ta kar ta faɗa wa kowa. Amma Maijego tana da ƙanwa a layin baya mai ciki, ba za ta iya yin shiru ba, kuma wa zai ce ta yi? To in ta faɗa, jibi sakamako ya fito ba komai fa? Ta rasa aiki a banza, ta jawo wa Dakta, ta zama abin nuni a unguwa. In ta yi shiru, jibi ya fito da komai fa? Ta tuna matar da ta ce 'ya'yanta biyu suna gudawa. Ko lambarta ba ta riƙe ba.

Tun daga bakin titi ta ji hayaniyar. Layinsu ya cika da mutane kamar ana rabon wani abu. An jawo tiyo daga gidaje, an jera bokitai da jarkoki da manyan robobi, mata suna ta wanke-wanken da ya taru, igiyoyin shanya sun cika. Ruwa yana gudu a gefen hanya, fari, yana ƙyalli a hasken yamma.

"Ga ta nan! Ga Uwar Famfo!"

Mai shagon kan kwana ne ya fara hango ta. Ya cika kofi a famfon gaban shagonsa, ya ɗaga sama kamar mai talla, ya kafa kai ya shanye. "Garau! Kin ga aiki. Da ma mun ce in kika shiga maganar an gama."

Shugaban ƙungiyar unguwa, tsohon malamin makaranta da ake kira Ciyaman, ya taho yana murmushi, waya a hannu. "'Yata, sannu da ƙoƙari. An ce da safe kin yi alkawari za ki bincika, ga shi kafin magariba mun gani a ƙasa. Allah ya ƙara girma."

"Ba ni ba ce, Baba. Wallahi ba ni ba ce."

"Haka masu kirki suke cewa."

Ta ratsa su tana amsa gaisuwa da ƙyar. A ƙofar gidansu Inna tana zaune a kan kujera, an fito da ita ta sha kallo, buta cike a gefenta. Kusa da ita Maijego ce tsugune a bakin famfon ƙofar gida, ta wanke fidar jaririn, tana tara ruwa a cikinta kai-tsaye. Gwangwanin madara yana buɗe a kan dakali. Jaririn yana hannun Inna yana tsala kukan yunwa.

Maijego ta ɗago, fuskarta a sake, rabon da Auta ta ga haƙoranta tun kafin ruwan ya ɓaci. "Ki yafe min maganar safe. Raina ne a ɓace. Gas ɗinmu ma ya kusa ƙarewa da dafe-dafen ruwa, yau dai na huta."

Ta ɗebi madara cokali ɗaya, ta nufi bakin fidar.

"Tsaya."

Auta ba ta san da ƙarfi ta faɗa ba sai da ta ga na kusa sun waiwayo. Ta ƙarasa, ta karɓi fidar daga hannun Maijego, ta zubar da ruwan a ƙasa.

"Ki tafasa. Ki tafasa shi sosai, ya yi ta ɓararraka, sannan ki haɗa masa."

"Ba ga shi ya yi fari ba?"

"Na gani. Ki tafasa dai. Zuwa jibi."

Shiru ya fara bin layin daga gidansu zuwa gaba. Ciyaman ya matso, murmushin ya tafi. "Kamfani ne suka ce?"

"A'a, Baba."

"To wa ya ce?"

"Ni na ce." Ta dubi mutanen da suka taru. "Ban ce akwai cuta ba. Ban sani ba, kuma ba wanda ya sani tukuna. Farin da ya yi bai nuna komai ba, shi ke nan abin da na sani. A yi wanki, a yi wanka, amma abin da za a kai baki a tafasa."

Ciyaman ya daɗe yana dubanta. Mutum ne da ya yi aikin albashi har ya gama, ya san abin da ake ciki ba sai an yi masa bayani ba. Ya ɗaga wayarsa a hankali.

"Layin nan kaɗai ne suka ji. Unguwar kuma da faɗi. In ni na faɗa a guruf ɗin unguwa na waya, za a ce tsoho ya fara ruɗewa. In muryarki ce za a saurara." Ya dubi wayar. "Amma in ya shiga, ba ya fitowa. Akwai 'yan kamfaninku a ciki. Ba zan matsa miki ba."

Auta ta dubi Inna. Tsohuwar tana jijjiga jaririn, ƙafarta mai kumburi a miƙe a kan ɗan benci. Auta ta miƙa hannu ta karɓi wayar. Ta danna, ta faɗi ko ita wace ce da inda take aiki, ta maimaita abin da ta faɗa ba ƙari ba ragi, ba ta ambaci kowa ba. Da ta ɗaga yatsa, saƙon ya tafi. Nan da nan wayoyi suka fara ƙara a aljihunan mutanen da ke tsaye, ta ji muryarta tana fitowa daga wurare da yawa a lokaci ɗaya.

"Ikon Allah," in ji mai shago, da ƙarfi don kowa ya ji. "Da yana ja ta ce lafiya lau ne. Yanzu ya yi fari ta ce kar a sha. To wanne za mu kama?"

Wasu suka yi dariya. Wata mata ta ja tsaki ta ci gaba da cika jarkarta. Wani ya ƙwala wa matarsa kira ta zubar da na cikin firij. Mai shagon ya sake tara kofinsa, ya riƙe shi a hannu yana surutu, bai dai kai baki ba.

Maijego ta rufe gwangwanin madarar. "Gas ɗin nawa ba zai kai jibi ba."

"Kawo tukunyar, mu dafa a gidanmu," in ji Auta.

Suna cikin ɗora tukunyar a kan wuta wayar Auta ta fara ruri a cikin jaka. Ta tsaya, ta sake farawa.

"Auta, ana kiranki," in ji Inna daga ƙofa.

"Na ji, Inna. Bari ruwan ya tafasa."